Ragon Suna a Mota Mai Ɗaki

Baba Mani ya ɗaga ƙarfen nan nashi ke nan zai ƙwanƙwasa tayar baya, sai Mas'udu ya cafke mashi hannu.

"Baba, don girman Allah kar ka taɓa. Wannan ba a dukanta. Ita ke faɗin ciwonta da bakinta."

Baba Mani dai ka san shi, mai facin bakin tashar Ƙanƙara. Tun ba a haifi Mas'udu ba yake wurin. Duk direban da zai ɗauki hanya sai ya tsaya ya buga mashi tayoyi da guntun ƙarfe. In taya ta ce ƙau, Allah ya kiyaye hanya. In ta ce ɓuf, a sauko da jak. Ba a taɓa musu da ƙarfen nan ba sai ranar.

Tsohon ya dubi hannunshi da aka riƙe, ya dubi motar.

"Da bakinta?"

"Zo ka gani, Baba. Zo ka ga inda duniya ta kai ta bar ku."

Motar kau abar kallo ce, wannan ba ƙarya. Uwais dillali ya kawo mashi ita daga Kwatano. Gida ne guda aka sa wa taya. Gado a ciki, wurin girki a ciki, bayi a ciki, har da labule mai fure. Taya shida gare ta, biyu a gaba, huɗu a baya bibbiyu manne da juna. To kusa da sitiyari akwai wani ɗan allo da hoton motar, kowace taya da fitilarta. Shida reras, duk kore.

Mas'udu ya ɗora yatsa a kai. "Kwamfuta ke nan. In iska ta ragu ko da ta numfashin sauro ce, sai ta yi ja ta yi kuka. Sana'arku ta zo ƙarshe, Baba, sai dai haƙuri. Ka fara tunanin sayar da rake."

"To," in ji Baba Mani. "Ta bayan nan ta hagu dai ta ɗan kwanta."

"Hutawa take."

Khairiyya ƙanwarshi, wadda ke koyar da Turanci a firamare, ta leƙo ta taga. "Yaya, ka nuna wa Baba takardar mana."

Takardar nan sati biyu ke nan da zuwanta. Kamfanin da ya ƙera motar ne ya fitar da ita, Uwais ya turo ta waya, har ya haɗa da murya: Mas'udu kar ka yarda da allon nan, masu motar da kansu sun ce ƙarya yake. Mas'udu ya goge muryar, ya kai takardar shago aka buga, aka yi mata leda, ya liƙa ta a bango saman gado. Duk wanda ya shigo sai ya nuna mashi: kamfani da kansu suke rubuto mani.

Khairiyya ta karanta mashi ita ya fi sau biyar. Ta ce, "Baba, cewa suka yi na'urar da ke auna iskar taya ta samu matsala a irin wannan motar. Ko taya ta sace, kore take nunawa. Sun ce duk mai ita ya maido a canza, kafin nan kuma a riƙa dubawa da hannu."

"Ka ji ko, Baba?" Mas'udu ya kaɗa kai yana murmushi. "A maido. Nan ne wurin. Sun farka sun ga sun saki abin da bai kamata ya fito ba, shi ne suke son su karɓe da dabara. Ni za a yi wa wayon Bature? Ko Uwais ɗin hassada ce, ya sayar yana da-na-sani."

Baba Mani ya mayar da ƙarfenshi ƙarƙashin benci. "Ina za ku?"

"Sabuwa. Gobe suna."

"Allah ya raya. Ina safayar?"

Safayar tana gida. Mas'udu ya sauke ta don a samu wurin ɗaure itace. Me za a yi da safaya, alhali mota za ta yi maka gargaɗi tun kafin abu ya faru?

Bari in gaya maka abin da ya sa tafiyar nan ba wasa ba ce. Hafiza matar Mas'udu ta haihu a gidansu can Sabuwa, ɗan fari, namiji. Ubanta kuma Alhaji Gide ne, wanda ya yi shekara talatin yana jan babbar mota zuwa kudu. Tun ana neman aure ya yanke wa Mas'udu hukunci, ya ce yaron kirki ne, amma da baki na jan mota da bai taɓa shiga gidan mai ba. Da aka haihu ya kira shi a waya, magana biyu kawai ya yi: "Rago shi kwana gidana. In rana ta fito ban gan shi ba, nawa zan kayar." Ka kau san abin da wannan ke nufi. Yaron da kakanshi na wajen uwa ya yanka wa ragon suna, ubanshi na raye da ƙafa biyu, ai har yaron ya yi gemu ana ba da labarin.

Da Mas'udu ya so, da tun shekaranjiya ya aika ragon a motar kasuwa. Amma ina. Shi so yake ya tsaya ƙofar gidan Alhaji, ya danna hon, ƙofa ta buɗe, rago ya sauko daga ɗaki kamar baƙo daga jirgi.

Gwaggo Rakiya, yayar babanshi, ita aka wakilta ta raka kaya. Tana zaune kan kujerar girki da tukunyar kunu a gabanta, ta ce, "A zamaninmu uban ɗan fari ɓuya yake yi ranar suna, ko inuwarshi ba a gani. Kai kuma da hon za ka shiga."

"Zamani ya canza, Gwaggo."

"Na ga alama. Rago bisa katifa, ni bisa kujera."

Haka ne kau. Ragon an so a sa shi bayi, ya ƙi, ya haye gado ya kwanta ƙarƙashin takardar kamfani. Buhun masara uku a ƙasa, huhun goro, jarkokin mai, sannan bisa rufi itacen wankan jego, ƙirya zalla, an jibga har motar ta fi shagon Baba Mani tsawo. Da hantsi suka ɗauki hanya.

Ba su kai Mabai ba motar ta fara jan hagu. Mas'udu ya murɗa dama, ta koma hagu. Ya dubi allo. Kore shida.

"Mas'udu, kunun nan ya karkata," in ji Gwaggo.

"Titin ne a karkace. 'Yan kwangila."

"Duk titin ƙasar ga hagu ya karkata?"

"Kwangila guda ce ai."

Wani ɗan acaɓa ya zo daidai tagarshi yana nuna baya da hannu yana ihu. Mas'udu ya ɗaga mashi hannu biyu irin na ɗan takara. A Mabai masu shayi suka miƙe tsaye suna nuna ƙasan motar. Ya danna masu hon sau uku.

"Kun gani? Ba su taɓa ganin irinta ba."

"Yaya, duk wuri guda suke nunawa," in ji Khairiyya.

"Can lambar take. Lambar waje suke karantawa."

Kafin Faskari wari ya cika ɗakin, irin na roba in ta sha wuta. Mas'udu ya shaƙa ya ce Gwaggo ta duba girkinta. Gwaggo ta ce ita tun Ƙanƙara ba ta kunna wuta ba, kuma shekara hamsin tana dama kunu bai taɓa warin takalmi ba. Ragon ma ya miƙe tsaye bisa katifa ya yi atishawa.

A tashar Faskari suka tsaya sallar azahar. Kafin Mas'udu ya sallame an kewaye motar. Mai facin wurin, wani dogo mai hular sanyi da rana tsaka, ya durƙusa ya leƙa, ya taso yana karkaɗe gwiwa.

"Mai mota, ta wajen nan ta rasu. Ta cikin ce ke ɗauke da ku ita kaɗai, ita ma tana jin jiki."

"Wa ya gaya maka?"

"Ita. Ga ta nan kamar tabarma."

Mas'udu ya yi dariya, ya buɗe ƙofa, ya ce jama'a su shigo biyar-biyar su gani da idonsu. Aka yi layi. Kowa ya leƙa allo ya ga kore shida, ya sauko ya leƙa taya ya gan ta shimfiɗe. Nan fa tasha ta rabu biyu. Wani mai sayar da caja ya ce shi dai bai taɓa ganin kwamfuta ta yi ƙarya ba. Wani tsohon kwandasta ya ce shi kuma bai taɓa ganin taya ta yi ba.

Mai faci ya juya. Ya kawo jak, ya ɗaga, ya kwance matacciyar tayar ɗungurungum, ya gangaro da ita har gaban gilashi, ya ɗaga ta sama. Gefenta ya yage, hannunshi ya fito ta ciki yana gaishe da Mas'udu.

"Yanzu nawa take nunawa?"

Mas'udu ya duba. Shida. Kore.

Sai ya juyo da fuskar wanda aka yi wa albishir.

"Allahu akbar. Kun gani? Ko an cire taya tana bibiyarta daga nesa. Sabis gare ta."

Mai caja ya ce shi ma abin da zai faɗa ke nan.

Irin tayar babu ita a Faskari, faci kuma ba ya kama yagar gefe. Mai faci ya ce shawara biyu ce: a sauke itacen da masarar a nan, sannan a tafi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Mas'udu ya ce ya gode, shawara ta uku zai bi. Ya sa aka ɗaure matacciyar tayar bisa itacen, kaya ya ƙaru. Ya dubi rana ya ga ta karkata, hanyar Sabuwa kuma ba wadda ake wasa da ita bayan la'asar ba ce, kowa ya sani. Sai ya taka totur.

"Yaya, cewa ya yi a hankali."

"In ta gaji za ta faɗa."

Ta kau faɗa. Saura ƙauye guda su shiga Sabuwa, daidai inda kwalta ta ƙare ramuka suka karɓa, sai ji kake daram! Manoma uku da ke gefen hanya suka zube cikin kunyoyin gona rub da ciki. Wata mai tallan nono ta yar da ƙwarya. Gwaggo ta kawo kalmar shahada sau biyu a numfashi guda, kunu ya bi bango har kan takardar kamfani. Motar ta yi rangaji, ta duƙa ta hagu, ta zauna cikin rairayi kamar raƙumi.

Da ƙura ta lafa aka gane taya ce, manoman suka taso suna kakkaɓe riga. Babbansu, Ɗanlahadi, mai shanun huɗa, ya zagaya motar ya ce, "Sannunku. Mun ɗauka baƙi ne, na daji."

Mas'udu kau allo yake kallo. Ya ɗan buga shi da yatsa. Kore shida.

"Ƙasar wurin ga ce ta zurma," ya ce.

Gwaggo ta sauko, ta gyara mayafi, ta tsayar da 'yan acaɓa biyu da ke komawa Sabuwa. Ta ce ita ta hau ɗaya, Khairiyya ta hau ɗaya ta rungume ragon, kafin magariba sun isa, magana ta ƙare. Wallahi da an yi haka da yanzu ba ni da labarin ba ka.

Mas'udu ya tsaya bakin ƙofa ya ware hannuwa.

"Ragon ga ba zai shiga Sabuwa bisa acaɓa ba."

"Mas'udu."

"Gwaggo, duk garin an ji da mota mai ɗaki zan zo. A ga ragona a bayan mashin kamar na talaka? Alhaji ya samu abin faɗa?"

"In bai ga rago ba me zai samu, abin shiru?"

"Yaya, ba wanda zai tambayi ragon me ya hawo," in ji Khairiyya.

"Ni zan sani."

Ya shige, ya murɗa makulli ta ciki. Ta taga suka ga ragon ya koma ya kwanta, ya fara cin labule. Gwaggo ta dubi sama ta ce Allah ya jiƙan ƙanenta, ya huta bai ga wannan ba. Suka hau suka tafi da huhun goro.

Ɗanlahadi mutumin kirki ne. Ya ce motar ta kwana bayan gidanshi ba abin da zai taɓa ta, da sassafe kuma zai ɗaura mata shanu. Ya tambaya ko baƙo na son tabarma. Mas'udu ya ce wa, shi? Mai gado a mota? Sai dai ragon bai yarda da raba gado ba. Bisa buhun masara ya kwana.

Da asuba aka fara aiki. Inda tayoyin suke aka cusa gungumen ƙirya daga itacen jego, aka ɗaure da igiya, ya zama kamar takalmi. Bijimai huɗu a gaba, Ɗanlahadi da 'yan'uwanshi biyu da tsumagiya. Mas'udu ya sa babbar riga, ya zauna a sitiyari, ya kunna makulli don allo ya kawo.

"Mai mota, ba sai ka riƙe sitiyari ba, shanun sun san hanya."

"Ku dai ja. Ni ke tuƙi."

Ƙirya da tauri, amma hanyar Sabuwa ta fi ta. Kowane ɗan zango gungume ya cinye, a tsaya, a ɗaga, a sauko da wani. Rana ta leƙo suna na uku. Ta fito sosai suna na bakwai. Mas'udu ya ce a ƙara giya. Ɗanlahadi ya ce giyar bijimi ɗaya ce, da ita aka haife shi.

Hantsi ya dubi ludayi suka shiga layin su Alhaji Gide. Tabarmi shimfiɗe ƙofar gida, dattawa zaune, ana raba goro. Yara da manya suka biyo su a baya. Mas'udu ya gyara hula ya danna hon. Bijiman suka firgita suka ƙara da gudu, suka wuce gidan da taku ashirin, sai da aka jawo su da baya.

Ya sauko. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kai a ƙasa, yadda ake yi wa suruki. A jikin bishiyar ƙofar gida kuwa ga fata an shanya, ɗanya shar.

Alhaji Gide bai ko dube shi ba. Ya ce a miƙo mashi ƙarfenshi na zamanin tuƙi. Ya tashi a hankali ya fara zagaye, jama'a na biye.

Ta gaba, ƙau. Ɗaya ta gaban, ƙau. Na dama biyu, ƙau, ƙau. Ya zo hagu ya tsaya. Ya ɗaga kai ya ga guda bisa rufi, ya sa aka sauko da ita, ya buga. Ɓuf. Ya duƙa ya zaro ragowar ɗayar, kamar tsumma, bai ma wahalar da ƙarfen ba. Sannan ya buga gungumen. Ƙwas!

"Wagga ta fi su lafiya," ya ce. "Ƙirya ce?"

"Ƙirya ce, Alhaji."

"Ta wankan ɗiyata?"

"Ita ce ta ƙarshe, Alhaji."

"Madalla. Rakiya ta ce mani motar na magana. Me ta ce yau?"

Mas'udu ya so ya yi shiru, amma suruki ya yi tambaya. Wani dattijo har ya riga ya leƙa ta taga yana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, har shida.

"Ta ce lafiya lau, Alhaji."

"To alhamdulillahi. Mu ma nan lafiya lau. An raɗa tun ɗazu, Lawwali. Na jira har rana ta kai bisa katangar can, sannan na kayar da nawa. Tashi ka karɓi goro."

Daidai nan ragon ya tura ƙofa da kai. Ya tsaya bisa matakala da guntun labule a baki, ya dubi jama'a, ya sauko a natse, taku ɗaya-ɗaya. Kai, saukar ta yi kyau, yadda Mas'udu ya tsara ta ɗin nan sak. Har wani ya tafa. Alhaji ya sa aka ɗaure shi a turken wanda aka yanka, ya ce ya zauna nan ya huta, ya sha hanya.

Daga cikin gida Khairiyya ta fito da saƙon Hafiza: wai tana gaishe shi da hanya, kuma ruwan wankan yau da karan dawa aka dafa.

Yaron dai yanzu duk Sabuwa Lawwalin Alhaji ake ce mashi. Har a Ƙanƙara sunan ya riga shi isowa. Baba Mani da ya ji labari bai yi dariya ba, cewa kawai ya yi a gaya wa Mas'udu har yanzu bai fara sayar da raken ba.

Shi kau gogan, ka ɗauka ya saduda? Jiya a majalisa yake cewa shi ne mutum na farko da ya shiga Sabuwa da mota ba tare da ya ƙona mai ko ɗigo ba. Ya samo taya biyu, an ɗaura. Takardar kamfani na nan a bango, ya goge mata kunun. Khairiyya ta sake karanta mashi, ya ce yanzu ma ya ƙara tabbata so suke su ƙwace, don sun ji irin abin da motar ta jure.

Ranar arba'in zai je ɗauko mai jego da jariri. Hafiza ta aiko cewa su a motar kasuwa za su dawo, Gwaggo ta ce ƙafarta na ciwo har bayan sallah, Khairiyya kuma wai ranar tana da jarrabawar yara, ko da ta faɗo Asabar. Don haka wuri ya samu, har gadon babu kowa. Ya ce in nemo mashi 'yan rakiya, ya duba allo da safen nan, kore shida.

In sa sunanka?